In kuna da likita a gida yana horon ƙwarewa, ga yadda za ku tallafa masa

Wannan maganar tamu ce mu na karkara da muke da ɗa ko ƙani ko miji likita da ya koma horon ƙwarewa, ko a asibitin Malam Aminu Kano ko Birnin Kudu. Mu a gari gani muke tunda an ce Dakta ai shi kenan ya haye, alhali wallahi lokacin ne abin ya fi cin rai. Horon nan shekara huɗu zuwa shida ne ko ma fiye, ga jarabawar mataki na ɗaya da na biyu mai haɗe da rubuta bincike a ƙarƙashin kwalejin ƙasa da ke Legas ko ta Afirka ta Yamma, ga kol, wato aikin dare, mutum ya kwana a tsaye kuma gari na wayewa ya bi konsaltan, wato babban likita, zagayen gadaje. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta fitar a 2015 ya gano kusan kashi 29 cikin 100 na irin waɗannan likitoci suna da ciwon damuwa ko alamominsa.

Abu na farko a rage masa kaya. Mu ne masu tura hoton takardar magani a WhatsApp da sha biyun dare, mu ne masu ɗora mara lafiya a mota ranar kasuwa a ce in kun isa ku kira Dakta, ba a ko sanar da shi ba, ga kuɗin taki ga gudummawar biki duk shi. Ku zaɓi mutum ɗaya a gida da buƙatu za su riƙa bi ta hannunsa, in jarabawa ta matso kuwa a ɗaga masa ƙafa gaba ɗaya. In mace ce abin ya ninka, don ga goyo ga girki, dangin miji don Allah ku tura mai taya ta.

Sai lura. Gajiya daban, in ya samu barci ya huta za ta wuce. Amma mutum ya daina ɗaga waya, ya zo gida da sallah ya shige ɗaki ko majalisar ƙofar gida bai leƙa ba, tuwon da yake so ya kai loma biyu ya ture, barci ya gagara, abu kaɗan ya hau faɗa, kuma an yi sati biyu ko fiye a haka, to wannan ya wuce gajiya. Fargaba ita kuma faɗuwar gaba ce da gumi da tunanin da ba ya tsayawa.

In za ku yi masa magana kar a fara da "kai da kake likita", kar kuma a ce masa rashin tawakkali ne, wannan kalmar tana rufe bakin mutum ruf. Ku keɓe, ka ce "Yaya, yaushe rabonka da barci mai kyau?" sannan ka yi shiru ka saurara.

Addu'a a ci gaba da yi, amma a haɗa da ganin likitan ƙwaƙwalwa. Da yawansu kunyar abokan aiki ce ke hana su, to ba dole sai inda yake aiki ba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau akwai a Kazaure, ka ce za ka raka shi. Kar ya rubuta wa kansa magani, musamman na barci. In an ɗora shi kan magani yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga sauƙi, kar ya ajiye da kansa.

In kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana neman gafara ba dalili, kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da ƙwayoyi da fiya-fiya da maganin feshin gona, a kai shi asibiti a ranar, ba sai an jira dattawa sun zauna ba.