Allo Mai Kaifi da Amanar Kamfani: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sayen Waya da Kwamfutar Hannu a Kano

Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko ta Beirut Road da nufin sayen waya ko kwamfutar hannu, tambayoyinsa ba sa wuce uku: batir nawa ne, kyamara nawa ce, ma'ajiya gig nawa. Allo kuwa, wanda shi ne abin da ido zai wuni a kansa tun daga asuba har kwanciya, sai a bar shi da kalma guda. Mai shago ya ce, "Alhaji, ai wannan HD ce," mai saye ya gyaɗa kai, a wuce zancen farashi. A nan kuskuren farko yake, kuma yawancin sauran daga gare shi suke tsirowa.

HD ba abu ɗaya ba ne. Allon waya ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ake kira fiksel, kuma yawansu ne ke sa rubutu ya fito tas ko ya fito da gefe mai kaushi. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da suka cika kasuwa, galibinsu HD+ ne, wato kimanin ɗigo 720 a faɗi da 1600 a tsawo. Na sama da su FHD+ ne, 1080 da 2400. A baki bambancin harafi ɗaya ne, amma in ka ninka, na farko ɗigo 1,152,000 ne, na biyu 2,592,000, ya fi ninki biyu. Gyaran mai sauƙi ne: kada ka karɓi suna, ka nemi lambobin nan biyu. Idan ba a rubuta su a kwali ba, ka duba shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. Kamfanin da ya cika kwali da girman batir da megafiksel ɗin kyamara ya yi shiru a kan allo, to shirun nan ma magana ce.

Wanda ya tsallake wannan sai ya faɗa na gaba, wato ɗaukar girman allo a matsayin kyawunsa. Matar da ta saba sayen yadi a Kantin Kwari ta san cewa zare ɗaya in aka baje shi a kan faffaɗan yadi saƙar sai ta yi shara-shara. Haka ɗigon allo yake. Ɗigo 720 da 1600 a allo mai inci 6.6 yana ba da kimanin ɗigo 266 a kowane inci, 1080 da 2400 a wannan girman kuma yana ba da kusan 400. To ka dubi kwamfutar hannu mai inci 10.1 da ake sayar wa iyaye domin karatun yara, mai ɗigo 1280 da 800: kimanin 149 ne kawai a inci. Ga ta ƙatuwa, ga ɗaukar ido a cikin gilashin shago, amma rubutunta ya fi na ƙaramar wayar da ke aljihunka dushewa.

A nan ne nake ganin ya kamata mu Kanawa mu fi kowa tsayawa, saboda irin abin da muke karantawa. Mai kallon fim ba zai damu sosai ba, hoto mai motsi yana ɓoye aibi. Amma mai karatun Alƙur'ani a kwamfutar hannu, wanda ke buƙatar ya bambance ɗigo ɗaya da biyu, ya ga wasali da shadda da sukun kowanne a mazauninsa, shi allo mai ƙarancin ɗigo zai wahalar. Haka ɗalibin Jami'ar Bayero da ke bin takardun darasi da aka ɗauka a hoto, shafi guda cike da ƙananan haruffa. Har lanƙwasar da ke kan ɗ da ƙ da ɓ takan ɓace a ƙaramin rubutu idan allon bai da kaifi. In karatu ne dalilin sayenka, a kwamfutar hannu mai inci 10.1 ka nemi 1920 da 1200, wanda ke ba da kimanin ɗigo 224 a inci. Kuma ka je kasuwa da shafin da ka saba karantawa, ka tura shi cikin na'urar, ka karanta layi biyar a tsaye. Gani ya kori ji.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen, su ne masu ganin cewa duk lambar da ta fi girma ita ce gaskiya. A shekarar 2010 kamfanin Apple ya fitar da iPhone 4 mai ɗigo 960 da 640 a inci 3.5, wato 326 a inci, kuma shugaban kamfanin na lokacin, Steve Jobs, ya kafa hujja da cewa daga wajen 300 zuwa sama, a nisan da mutum ke riƙe waya, ido ba ya iya tsinkayar ɗigo ɗaya-ɗaya. Masana sun yi ta gardama a kan ainihin lambar, amma asalin maganar tana nan: akwai iyakar da ƙari ba ya amfanar ido. Duk da haka tsere ya ci gaba. A 2015 Sony ya fitar da Xperia Z5 Premium mai allon 4K, ɗigo 806 a inci, sai dai wayar ba ta amfani da cikakken kaifin sai a hoto da bidiyo, sauran ayyuka a 1080 take nuna su. Galaxy S8 ta Samsung ta 2017 allonta 2960 da 1440 ne, amma a kan 2220 da 1080 take fitowa daga kwali, sai mai ita ya shiga saiti ya ɗaga da hannunsa. Mutane da yawa sun yi shekaru da ita ba su ɗaga ba, kuma ba su ga wata tawaya ba. A Galaxy S20 ta 2020 ma sai ka zaɓa: ko cikakken kaifi, ko santsin motsi na 120Hz, ba duka biyu a lokaci ɗaya ba.

Dalilin da ya sa kamfanonin suka yi haka shi ne abin da mai saye ya fi mantawa. Kowane ɗigo aiki ne ga injin na'ura, aiki kuma wuta yake ci ya haifar da zafi. A garin da wutar lantarki ke zuwa ta tafi ba sallama, mutum na biyan kuɗin caji a shago ko yana yawo da fawa banki, ɗigon da ido ba ya gani amma batir ke biya asara ce tsagwaronta. A waya, tsakanin 390 zuwa 450 a inci ya wadatar da kusan kowa. In wayarka tana da zaɓin rage kaifi a saiti, gwada saukar da shi na kwana biyu ka ga ko za ka lura.

Abin da ya fi kaifi muhimmanci a Kano, wanda kusan ba mai tambaya, shi ne haske. A cikin shago kowane allo kyakkyawa ne. Fito da shi tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ga abin da zai rage. Ana auna hasken allo da abin da ake kira nit, kuma nan ma akwai wayo: babbar lambar da ake tallatawa sau da yawa haske ne na ƙaramin yanki na allo, na ɗan lokaci, a wani nau'in bidiyo. Hasken da za ka samu a duk faɗin allo kana duba saƙo a bakin titi ya gaza haka nesa. Sannan idan na'ura ta ɗau zafi da kanta take rage haske domin ta kare kanta. Ka roƙi mai shago, "Malam, don Allah bari in fita da ita bakin ƙofa," ku fita tare. Wanda ya yarda da kayansa ba ya ƙin wannan.

Wani lokacin kuma allon ba shi da laifi. Mutum ya sayi FHD+ yana kallon YouTube a ƙaramin kaifi na 360 ko 480 domin tattalin data, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, sai ya dawo yana cewa an cuce shi. Hoton da aka turo ta WhatsApp ma an matse shi, sai in mai turowa ya danna HD. Akwai kuma wani lasisi na kare fina-finai daga sata da ake kira Widevine: na'urar da ba ta da matakin L1, Netflix ba zai ba ta hoto mai kaifi ba komai kyan allonta. OnePlus 5T ta 2017 da Pocophone F1 ta 2018 duk sun fito kasuwa a haka, kuma ba a kwali aka faɗa wa mutane ba.

Wannan ya kawo mu kan amana, inda kuskuren ya kasu biyu. Wani ya ga babban suna ya rufe ido, wani kuma ya ce duk ɗaya ne, duk daga Sin suke, sai ya ɗauki mafi araha. Duka biyun sun yi garaje.

Babban suna ba ya hana kuskure, ba ya ma hana ɓoye-ɓoye. A Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone masu raunin batir, kuma a 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Samsung ya janye Galaxy Note 7 a 2016 bayan batiranta sun yi ta kamawa da wuta. A 2018 an cire wasu wayoyin Huawei daga jadawalin gwajin 3DMark, manhajar auna ƙarfin waya, bayan an gano suna ƙara ƙoƙari ne kawai idan suka gane gwaji ake yi musu. Amma a lura da wani abu: duk waɗannan an san su ne domin kamfanonin suna da adireshi, akwai wanda za a kama, akwai wanda za a ci tara, akwai wanda zai mayar da kuɗi. Kwamfutar hannu mai sunan da ba ka taɓa ji ba, wadda kwalinta ya ce 4K da ma'ajiya mai ban mamaki a farashin buhun shinkafa, wa za ka kama? Irin waɗannan har a cikin saiti suke ƙarya, domin an shirya manhajar ta nuna lambobin da ba su ne na gaskiya ba. Manhajojin bincike irin AIDA64 ko CPU-Z sukan tona asirin wasu, wasu kuma su ma sukan yaudare su. Araha ba ta ado.

To da me ake auna amanar kamfani? A ganina da abin da yake yi bayan ya karɓi kuɗinka. Shin yana da wurin gyara a Kano da za ka je da ƙafarka? Wannan na cikin dalilan da suka sa Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen, suka kafu a Arewa: suna da cibiyoyin Carlcare kuma kayan gyaransu ba sa wahalar samu, ko da yake yawancin masu arahar cikinsu HD+ ne, sai mutum ya san abin da yake saye. Shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta manhaja? Google a Pixel 8 ta 2023 da Samsung a Galaxy S24 ta 2024 sun yi alkawarin shekara bakwai, alhali wasu wayoyin sabuntawa ɗaya suke samu a bar su. Sannan garantin da ke cikin kwali na Najeriya ne ko na wata ƙasa? Waya da aka shigo da ita daga Dubai ko Indiya tana iya zama ta gaske ɗari bisa ɗari amma cibiyar gyara ta ce ba ta san da zamanta ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne rashin tambayar farashin allo kafin a saya. Allo ne ya fi komai fashewa, kuma a manyan wayoyi masu allo mai tsada da ake kira AMOLED, musamman masu lanƙwasasshen gefe, canza shi yakan lashe kaso mai tsoka na kuɗin wayar. Sai mutum ya tsinci kansa gaban mai gyara ana tambayarsa, "Oga, orijinal ko kwafi?" Kwafin nan sau da yawa allo mai araha ne da ake kira LCD aka sa a gurbin AMOLED: baƙinsa toka-toka, haskensa ya ragu, ya fi cin batir, kuma in na'urar karanta yatsa a ƙarƙashin allo take, mai yiwuwa ta daina aiki. Ka biya kuɗin allo mai kaifi, ka ƙare da wanda bai kai na ƙaramar waya ba. Kafin ka biya kuɗin waya, taka zuwa layin masu gyara ka tambayi kuɗin allonta na asali. In amsar ta tsorata ka, sauka mataki ɗaya.

Masu sayen wadda aka yi amfani da ita, wadda ake kira Landan-yus, su ne suka fi buƙatar wannan duba, domin da yawa an riga an canza musu allo kafin su iso. A iPhone, daga manhajar iOS 15.2 zuwa sama, shiga saiti ka duba tarihin kayan gyara. Daga iPhone 11 zuwa gaba wayar kan nuna in allon ba nata ba ne, kuma ɓacewar True Tone, saitin da ke daidaita launin allo da hasken wuri, ma alama ce. A yawancin wayoyin Samsung, danna *#0*# zai buɗe gwajin da ke cika allo da ja, kore da shuɗi, inda mataccen ɗigo ko inuwar tsohon rubutu da ta ƙone a jikin allo za ta bayyana. A kowace waya, buɗe farin shafi da baƙin shafi da mai launin toka, ka ƙure haske, ka rage shi ƙasa, ka duba gefe-gefe ko akwai alamar gam. Danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali.

Daga nan sai rasit. Kada ka yarda da "ai mun saba, in da matsala ka dawo." A rubuta sunan shago, samfurin na'ura, lambar IMEI, kwanan wata, da kwanakin da aka ba ka na gwaji, kuma in an ce maka allon na asali ne, a rubuta hakan ma. In rigima ta taso, shugabannin kasuwa da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Jihar Kano takardar nan za su fara tambaya.