Yadda ake haɗa masu aikin sa-kai don yaɗa Linux a gari

Duk wanda ya ce mini zai tara matasa su yaɗa Linux, wato manhajar kyauta da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, shawarata ta farko ita ce ya manta da babban taro tukuna. Ya nemo mutum huɗu ko biyar da Linux ɗin suke amfani da shi kullum a kwamfutar da suke aiki da ita. Wanda bai taɓa fama da firintar da ta ƙi bugu a Ubuntu (wani nau'in Linux) ba, me zai ce wa mai shagon buga takardu ranar da tasa ta ƙi?

Idan kun haɗu, ku fara tsayar da waɗanda kuke nufi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da firosesa na baya-bayan nan. Da yawa daga kwamfutocin hannu da ake saya a kasuwanni irin Farm Centre ta Kano sun girmi wannan sharaɗi, alhali lafiyarsu ƙalau. Masu irinsu su ne mutanenku: ɗalibai, malaman makaranta, da Islamiyyun da aka ba kyautar tsoffin kwamfutoci. Amma mai zanen katin biki da ke cin abinci da CorelDRAW, ku ƙyale shi. Inkscape, manhajar zane ta kyauta, na nan, na sani, sai dai ba a koya wa mutum sabon kayan aiki alhali kwastoma na tsaye a kansa. Idan kuka matsa masa ya yi asarar aiki ɗaya, unguwa guda za ta ji cewa Linux ba ya aiki.

Sai rigimar da ba ta ƙarewa, wato wane nau'in Linux za a saka. Wannan zai ce Debian, tun 1993 take. Wancan ya ce Fedora. Akwai kuma yaron da ya saka Arch, wanda sai kowa ya ji labari. A bar kowa da abinsa a kwamfutarsa, amma wa jama'a nau'i ɗaya za a riƙa sakawa. Ni Linux Mint nake zaɓa, mai fuskar Xfce mara nauyi idan kwamfutar ta tsufa ko ram ɗinta bai wuce giga 4 ba, saboda wanda ya saba da Windows ba ya ɓata a cikinta. An gina ta a kan Ubuntu mai dogon zango, wadda ke fita duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, ana kuma gyara ta tsawon shekara biyar. Dalilin tsayawa a kan nau'i ɗaya shi ne mai amsa waya. Idan aka kira shi da dare aka ce sauti ya ɗauke, ya kamata ya san abin da ke gaban mai kiran ba tare da ya gani ba.

Wajen raba aiki, kowa so yake ya zama mai sakawa, don a nan ake nuna gwaninta. Masu sakawa uku sun isa. Abin da ya fi wuyar samu shi ne mai haƙurin zama da dattijo ya nuna masa inda fayilolinsa suke, sau uku, ba tare da ya fizge linzamin daga hannunsa ba. Idan kun sami irin wannan, ku riƙe shi da kyau ko da bai san umarni ɗaya na baƙin allo ba. Ana kuma buƙatar mai tarbar baƙi da zai rubuta suna, lambar waya, samfurin kwamfuta da abin da mai ita ke yi da ita. Kada a rasa mata a cikin tawagar. Ɗaliba ba za ta miƙa wa saurayin da ba ta sani ba kwamfuta cike da hotunanta da na gidansu, kuma tana da gaskiya. A ware musu teburinsu. Doka ɗaya ta hau kan kowa: kayan mutane amana ne, ana kwafewa ba a buɗewa. Wanda aka kama yana leƙen hotuna, ranar ya gama aiki da mu.

Muƙamai kuwa, shugaba da mataimaki da sakataren yaɗa labarai, ku jinkirta su. Na sha ganin ƙungiyar da ta yi zaɓe tun kafin ta gyara kwamfuta ko ɗaya. Ma'aji kawai ake buƙata, shi ma ya riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa.

Ranar taron sakawa, data da wuta su ne manyan matsaloli. Mint ta kusa giga 3, Ubuntu ta yanzu ta fi giga 5, don haka mutum ɗaya ya sauke sau ɗaya, ya tantance lambar SHA256 don tabbatar da cewa fayil ɗin bai lalace a hanya ba, sannan a zuba a filash da Ventoy, wadda ke barin a tara nau'i da yawa a filash guda. Bayan sakawa kowace kwamfuta za ta nemi sabuntawa. Idan akwai mai hannu a cikinku, ya kafa apt-cacher-ng a kwamfuta ɗaya, abin da ta farko ta sauke sauran su ɗauka daga wajenta. Janareta da mai da soket mai dogon igiya su iso wurin kafin mutane. Ba a fara raba rumbun ajiya da batirin da ba ya riƙe caji, domin idan wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan aiki ana iya rasa komai.

A kan teburin ne ya kamata a fi natsuwa. Da farko a kwafe fayilolin mai kwamfuta zuwa wani rumbu na waje, ya duba da idonsa ya ce sun cika. Sai a tayar da Linux daga filash ba tare da an saka ba, a gwada intanet, sauti, kyamara da madannan haske. Tsoffin kwamfutoci masu katin Wi-Fi na Broadcom sukan buƙaci ƙarin direba, don haka a tanadi igiyar intanet ko waya mai raba data ta igiyar caji. Idan Windows za ta zauna a gefe, a duba ko BitLocker, makullin da Windows ke kulle rumbu da shi, na kunne, a sa mai ita ya rubuta mabuɗin ceto a takarda, a kuma kashe saurin tashi na Windows ɗin. Ga wanda hankalinsa bai kwanta ba, a bar masa tsarin biyu ya riƙa zaɓa. Ba a goge komai sai ya sa hannu a takardar amincewa, kalmar sirri kuma shi zai buga da hannunsa.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke sa mutum ya zauna ko ya gudu. Na farko LibreOffice, madadin Microsoft Office: a saita ta ta riƙa ajiye takarda a docx, a kuma saka haruffan Times New Roman, saboda ɗalibin da malaminsa ya dawo masa da aikin kammala karatu don shafuka sun goce ba zai sake waiwayarku ba. Na biyu kibod ɗin Hausa. Yana nan cikin Linux tun asali, na Najeriya har da na Ghana. Ku kunna shi, ku bar mutum ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ da kansa. Na ga malaman Hausa da wannan kaɗai ya jawo, tun kafin a kai ga labarin Linus Torvalds da ya fara Linux a 1991 ko Richard Stallman mai fafutukar 'yancin manhaja.

Game da rana, akwai Ranar 'Yancin Manhaja da aka fara a 2004, wadda ake yi duk Asabar ta uku ta Satumba, ƙasashen Latin Amurka kuma suna da FLISOL, bikinsu na saka wa jama'a irin waɗannan manhajoji, a Asabar ta huɗu ta Afrilu. Suna da amfani wajen neman aron ɗaki a makaranta. Amma kalandar garinku ce gaba: ban da lokacin jarrabawa, ban da yinin azumi, a kuma tsara aiki yadda sallar azahar ba za ta riski rumbu a tsakiyar rabo ba.

Yawancin ƙungiyoyi a washegarin taro suke mutuwa. An ɗauki hotuna, an ce an saka wa mutum kaza, kowa ya watse. Bayan mako biyu firinta ta ƙi, mai kwamfuta ya kai ta kasuwa, mai gyara ya ce wannan abin ba shi da kyau, ya yi mata fomatin ya mayar da Windows. Don haka nake cewa a tsayar da wuri da lokaci, misali Asabar bayan la'asar a ɗakin kwamfuta na wata makaranta, inda tabbas za a tarar da mutum biyu. A raba sunayen da aka rubuta tsakanin masu sa-kai, kowa ya kira nasa bayan mako biyu, ya sake kira bayan wata uku. Adadin da nake ƙirgawa shi ne na waɗanda har a kira na biyu suna kan Linux. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, alhali a jihar Kerala ta Indiya, inda aka dage da horar da malamai, abin ya zauna a makarantun gwamnati.

Masu gyaran kasuwa ma kada a ɗauke su abokan gaba. Ku je shagunansu, ku ba su filash kyauta, ku nuna musu yadda ake sakawa, ku bar su su caji kuɗin aikinsu. Mai gyara ɗaya da ya iya Mint ya fi fastocin talla ɗari.

Su kuwa masu sa-kai, a ba kowa aikin da ke da iyaka: ka kira mutum biyar ɗin nan kafin Juma'a, ki koya wa ajin nan LibreOffice na wata ɗaya. A biya musu kuɗin mota, a ciyar da su ranar taro, wanda ya yi shekara a rubuta masa takardar shaidar da zai iya haɗawa da takardun neman aiki. Yawancinsu ɗalibai ne, za su gama su tafi bautar ƙasa, saboda haka tun daga zangon farko kowane mai sakawa ya zaunar da ɗan aji ɗaya ko aji biyu kusa da shi, ya bar masa filash ɗin a kwamfuta ta gaba.