Yadda malamin Bayoloji zai koyar da juyin halitta a ajin Musulmi da Kirista

Kowace shekara malaman Bayoloji na aji shida a sakandaren gwamnati sukan iso babin juyin halitta, wato yadda masu rai suke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Wasu su tsallake shi, wasu su karanta shi a gurguje kamar mai taka garwashi, wasu kuma su mayar da darasin wa'azi. Duka ukun cutar ɗalibi suke yi, domin babin yana cikin manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, kuma WAEC da NECO da JAMB suna tambaya a kansa.

Tambayar da ake yawan yi ita ce: me zai hana a koyar da labarin halitta na addini kafaɗa da kafaɗa da shi? A Amurka sai da kotu ta shiga. Kotun ƙolinsu ta soke wata dokar jihar Luwiziyana mai tilasta hakan a 1987, a 2005 kuma wata kotun tarayya ta hana irinsa a garin Doba na jihar Pensilbeniya. Namu ya bambanta, domin a makarantun gwamnati muna da darasin addinin Musulunci da na Kirista, kowanne da malaminsa. Ana koyar da labarin halitta tun tuni, abin da ya rage shi ne a wane aji. Shawararmu: a bar kowane darasi a ajinsa. A Kaduna, benci ɗaya kan ɗauki yaron Tudun Wada Musulmi da yaron Sabon Tasha Kirista. Idan ka kawo labarin halitta ajin Bayoloji, na wa za ka kawo? Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addinin da ba nasa ba.

Kafin ka shiga aji

Mako guda kafin babin, ka sanar da shugaban makaranta, ka kuma zauna da malaman addinin biyu. Ka nuna musu abin da manhaja ta ce, ka roƙe su su karɓi tambayoyin da za ka turo musu. Wannan zaman na minti goma yana kashe wutar da ba ta kai ga tashi ba. Rabin magana da yaro ya kai gida, ko aka naɗa a waya aka watsa a WhatsApp, ita ce kan jawo fitina.

Ka kuma gyara kalmominka. Hausa ta riga ta kira duk mai rai "halitta", don haka da ka ce "juyin halitta" wani zai ji kamar kana jayayya da Mahalicci. Ka fayyace tun farko: ana nufin yadda siffofin gado suke sauyawa a cikin jinsi daga zuriya zuwa zuriya. Babin bai yi magana kan samuwar Ubangiji ba, kuma kimiyya ba ta da ma'aunin auna wannan. Kada kuma ka ce "hasashe ne kawai" don ka samu lafiya. Ka'ida a kimiyya bayani ce da aka gwada da hujjoji masu yawa, kuma yaron da ya riƙe "hasashe" zai sha wuya a jami'a.

Fara da abin da suka sani

Kuskure mafi girma shi ne buɗe darasi da hoton nan na biri yana miƙewa har ya zama mutum. Daga nan kunnuwa sun toshe. Ka fara da sauro da zazzaɓi. Iyayensu sun sha kulorokwin sun warke, amma a 2005 Najeriya ta koma magungunan ACT masu haɗa magani biyu saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Tambaye su dalili. Kusan duk za su ce "ta saba da maganin". To nan darasin yake. Ƙwayar ba ta saba ba. Cikin miliyoyinsu akwai 'yan kaɗan da aka haifa da sauyin gado mai jure maganin, sauran suka mutu, waɗannan suka hayayyafa. "Sabo" tunanin masanin Faransa Lamak ne na 1809, cewa abin da jiki ya koya a rayuwa ana gadonsa. Bayanin masu jure maganin kuwa shi ne na masanin Ingila Darwin na 1859: bambanci yana nan tun asali, muhalli ne ke tankaɗe da rairaya. Bambancin mutanen biyu yana yawan fitowa a jarrabawa, don haka ka tsaya a nan har ya zauna.

Sai sikila. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana ɗauke da AS. Me ya sa gadon da ke wahalar da mai SS bai ɓace ba? Saboda yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da masani Antoni Alison ya nuna a gabashin Afirka a 1954. Zana a allo: AS da AS, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ta zama SS, 2 cikin 4 AS, 1 cikin 4 AA. Kada ka tambayi kowa rukunin jininsa a gaban aji, wataƙila mai ciwon yana zaune a gabanka.

Gwajin wake

Wannan yana buƙatar darasi mai zubi biyu, minti 80. Ka tanadi gwangwanin madara biyu na farin wake da biyu na ja. Raba ajin rukuni-rukuni na mutum 8, a fita fili inda ƙasa take ja. Kowane rukuni ya shata murabba'i mai taku ɗaya, ya watsa fari 30 da ja 30. Mutum biyu su zama shaho, su tsinci ƙwaya ɗaya-ɗaya da yatsu biyu cikin daƙiƙa 15. A ƙirga abin da ya tsira, kowace ƙwaya a ƙara mata ɗaya mai launinta, wato ta haihu. A maimaita sau uku ana rubuta adadi. Jan zai rinjaya, alhali babu ƙwayar da ta canza launi.

Inda yake lalacewa: idan shahon ya san abin da ake nema zai riƙa zaɓen ja da gangan, don haka kada ka faɗi sakamako, kuma ya juya baya lokacin watsawa. Idan an tara waken wuri ɗaya za a dumbuza. A kan siminti kuwa launukan biyu duk suna fitowa, lissafin ba zai nuna komai ba.

Daga nan hujjojin manhaja za su zo da sauƙi. Kamannin ƙasusuwa: fiffiken kaza da ƙafar gaba ta akuya daga mahauta, a dafa a bushe, a jera da zanen hannun mutum. Zaɓen manomi: irin masara na SAMMAZ daga cibiyar binciken noma ta Samaru, da kajin ShikaBrown na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi a Shika. Burbushin da ya zama dutse: a yankin Goronyo na Sakkwato an tono ƙasusuwan wata dabbar teku da ta ɓace tun zamanin dainoso, shaidar cewa teku ya taɓa rufe wurin.

"Malam, to Annabi Adamu fa?"

Tambayar za ta zo, kuma mai yin ta ba mai rashin kunya ba ne. Kada ka yi masa dariya, kada kuma ka yi fatawa. Ka faɗi matsayin masana yadda yake, ba ƙari ba ragi: ba su ce birin yau ya rikiɗe ya zama mutum ba, cewa suka yi mutum da birin cimfanzi sun haɗa kaka kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, suna kafa hujja da ƙwayoyin gado da ƙasusuwa irin tsohon ƙoƙon kan da aka laƙaba wa Tumai, wanda aka samu a Chadi a 2001. Sannan ka ce: "Wannan shi ne abin da masana kimiyya suka ce da dalilansu. Aikinka a nan ka fahimce shi, ban ce ka bar aƙidarka ba. Yadda addininka yake kallonsa, ka kai wa malamin addini, na riga na yi magana da shi."

Kada ka shirya muhawarar "kimiyya ko addini" tsakanin ɗalibai. Ajin zai rabe gida biyu, mai ƙarfin murya ya yi nasara, ba wanda zai koyi Bayoloji. Idan aka tambayi ra'ayinka, ka ce ba shi ne a manhaja ba.

Wajen gwaji, ka rubuta tambaya da "A bayanin Darwin..." ko "Kawo hujjoji uku da masana ke bayarwa...", yadda yaro zai amsa ba tare da ya ji ya yi shahada a kan abin da bai yarda da shi ba. Wanda ya rubuta aya a madadin amsa, kada ka ja masa jan biro a kanta. Ka rubuta a gefe cewa ba ita aka tambaya ba, ka kira shi shi kaɗai ka gaya masa mai makin WAEC ma ba zai ba shi maki a kanta ba, ka ba shi kwana biyu ya sake.