Yadda za a fara karatun manɗiƙi kafin a nutsa cikin kimiyyar kwamfuta

Matashin da ya samu gurbi a Jami'ar Legas da ke Akoka ko Kwalejin Fasaha ta Yaba, ko wanda ke koyon rubuta manhaja da kansa a Agege, yakan yi gaggawar kama Python, wani harshen rubuta manhaja, alhali ginshiƙin duk abin da zai rubuta shi ne manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja. A shekarar 1854 George Boole, ɗan Ingila, ya tsara ƙa'idojin tunani cikin alamomin lissafi, sannan a 1937 Claude Shannon ya nuna cewa ana iya gina wannan lissafi da makunnan lantarki. A kan haka kwamfuta take tsaye har yau.

A fara da takarda da biro, a ajiye kwamfutar gefe. A ɗauki jumlolin da kowacce gaskiya ce ko ƙarya, a laƙaba musu haruffa kamar P da Q, a haɗa su da "da", "ko" da korewa (wato cewa "ba haka ba ne"), sannan a zana jadawalin gaskiya da hannu, wato jadawalin da ke jera duk halayen da haruffan za su iya zama gaskiya ko ƙarya, da sakamakon kowane hali. Haruffa 2 suna buƙatar layi 4, haruffa 3 layi 8, domin kowane sabon harafi yana ninka adadin layukan.

Wurin da ya kamata a daɗe a kansa shi ne jumlar sharaɗi, domin nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. A duba wannan: "Idan aka yi ruwa, hanyar Mile 12 za ta cushe." Jumlar ba ta zama ƙarya sai a hali guda, wato a yi ruwa amma hanya ta kasance a buɗe. Idan ba a yi ruwa ba, ba a ƙaryata mai maganar ba, ko hanya ta cushe ko ba ta cushe ba. Haka kuma ganin cunkoso ba hujjar saukar ruwa ba ce, kuma duk mai hawa danfo ya san hanya tana cushewa da rani tsaka. Abin da ake iya yankewa shi ne: idan hanya a buɗe take, to ba a yi ruwa ba.

Daga nan a koma kan dokokin De Morgan, waɗanda ke nuna yadda ake kore jumlar da aka haɗa da "da" ko da "ko". Kore jumlar "ya shigar da suna daidai kuma ya shigar da kalmar sirri daidai" yana nufin ya kuskure sunan, ko kalmar sirrin, ko duka biyun. A ganina wannan doka ta cancanci maimaici sosai, saboda kuskure a cikinta kan sa manhaja ta buɗe wa wanda ya kamata ta hana.

Bayan haka sai a shiga jumlolin da ke ɗauke da "kowane" da "akwai wani", da hanyoyin kafa hujja. A wannan mataki ne ya dace a buɗe Python, a rubuta ɗan gajeren shiri da zai fitar da jadawalin gaskiya, a gwada sakamakonsa layi bayan layi da wanda aka zana a takarda.