Yadda za ka yi wa abokin aiki gyara ba tare da an ɓata ba

An sha tambayata yadda mutum zai gaya wa abokin aikinsa ya yi kuskure. Ga yadda nake yi.

1. Ka duba aikin da idonka. Ban da "an ce".

2. Ka bari ranka ya huce. Amma kada ya wuce kwana 2, in ya daɗe sai ya zama tone-tone.

3. Ka nemi lokacinsa: "Malam, in ka samu sarari bayan azahar ina son ganinka."

4. Ku keɓe.

Hattara: nan aka fi yin ɓarna. Kada ka yi gyara a gaban jama'a, ko a zauren WhatsApp na ofis. Wanda aka kunyata kare kansa zai yi, ko da ya san bai da gaskiya. Idan daga nesa kuke aiki, kira shi. Saƙon rubutu ba ya ɗaukar murya, kalma mai laushi ma sai a karanta ta da zafi.

5. Ku gaisa sosai, ka tambayi iyali.

6. Ka ambaci abu ɗaya tak: "Rahoton Litinin ba rasit ɗin mai, sai da akanta ya dawo da shi." Kada ka ce "kullum haka kake".

7. Ka yi shiru ka saurara. Wani lokacin ma laifin daga teburinka ya taso.

8. Ku tsayar da ranar gyarawa.

In ya girme ka, ka mai da maganar tambaya: "Yallaɓai, ko rasit ɗin yana wajenku?"