Yadda Ake Fatsa a Ranar Farko Ba Tare da Ƙugiya Ta Cire Hular Abokinka Ba

Wanda ya saba kallon bikin Argungu, inda ake fito da giwan ruwa daga kogin Matan Fada sai mutum biyu sun kama, zai ɗauka haka kowane kamun kifi yake. Wancan aikin masunta ne da homa da gora, gadon da aka mayar biki tun 1934. Kai da za ka je bakin ruwa ranar Asabar don ka huta, fatsa ce taka: sanda, zare, ƙugiya. Burinka na ranar farko kuwa karfasa guda mai faɗin tafin hannu. Kada ka raina wannan buri, domin manyan mutane da yawa sun wuni a bakin Tiga sun koma gida ba su cim masa ba.

Fara da neman wuri da izini. Madatsun ruwa irin su Tiga, wadda aka gama a 1974, da Challawa da Zobe ta Dutsin-Ma duk suna da masunta da ke cin abinci a cikinsu, kuma galibi akwai Sarkin Ruwa ko wani babba da ake jin maganarsa. Je ka yi sallama, ka ce, "Baba, fatsa na zo jefawa, ina ya dace in zauna?" Zai nuna maka inda ba a kafa taru ba, ya kuma gaya maka inda ruwa ke da rami. Wanda ya tsallake gaisuwar nan shi ne yakan ji zarensa ya yi nauyi, ya tara jama'a da ihun ya kama babba, a ƙarshe ya jawo ragar wani, mai ragar kuma yana tsaye a kwalekwale yana kallonsa.

Kayan aiki ba su da tsada. Sandar gora mai tsawon mita 2 zuwa 3, zaren roba siriri, ƙananan ƙugiyoyi, 'yar dalma da za ta nutsar da koto, wato abincin da ake sa wa ƙugiya, sai totuwar kara ko guntun tsohon silifas da zai yi yawo a saman ruwa ya zama idonka. A kan ƙugiya nake so ka saurare ni: sayi ƙarama. Sabon shiga yana son babba saboda babban kifi yake mafarki, alhali bakin karfasa ƙarami ne. Za ta zo ta cinye tanar a hankali, ta bar maka ƙarfenka fes.

Tana ita ce koton da ba ya ba da kunya. Tono ta a wuri mai danshi tun daren jiya, ka zuba a gwangwani da 'yar ƙasa, ka huda murfin, ka rufe da kyau. Ka rufe da kyau, na sake faɗa, kuma kada ka ajiye a kicin. Gidaje da yawa sun wayi gari da tana a kan tabarma da uwargida tana tambayar wane ne ya jawo mata wannan. Wajen sa ta, ka zura ƙugiyar ta bi cikin jikinta har tsinin ya ɓuya, ka bar ɗan wutsiya yana motsi.

Yanzu jifa. Kafin ka ɗaga sanda, waiga. Dubi bayanka, dubi sama. Ƙugiya ba ta san kifi ba, abin da ta fara taɓawa shi take kamawa: reshen bishiya, bakin riga, hular abokin da ya sunkuya yana buɗe lemo. Hular da ta tashi sama ta faɗa ruwa abin dariya ce har shekara ta zagayo, amma tsakanin hula da ido ba nisa, don haka ku ba juna tazara sosai. Ba sai ka wulwula zare ta bayan kai ba. Lilo kawai za ka yi da shi daga ƙasa zuwa gaba, ya sauka kusa da ciyayin bakin ruwa inda kifi ke kiwo. Da sassafe ko bayan la'asar ya fi ci.

Sai ka zauna ka sa wa totuwa ido. In ta yi rawa kaɗan, ƙananan kifi ne ke taɓawa, ƙyale su. In ta nutse ko ta kama tafiya gefe, ɗaga sandar da wuyan hannu, fizga guda gajeriya. A nan ne zumuɗi ke kayar da mutane: mutum ya fizga da dukkan ƙarfinsa, kifi mai tsawon yatsa ya bi ta saman kansa ya sauka cikin gonar albasa, shi kuma ya zauna daɓas a taɓo. In kuwa zare ya yi nauyi amma ba ya motsi, ba kifi ba ne. Saiwa ce ko tsohon takalmi. Sassauta, ka canza inda kake tsaye, ka ja a hankali. In ya ƙi, yanke ka ɗaura wata ƙugiyar. Kada ka shiga ruwan da ba ka sani ba saboda ƙugiya, ga rami, ga tsargiya da ake ɗauka a ruwa mai kwanciya inda ƙananan dodon koɗi suke.

Idan abu ya fito, duba shi da ido kafin hannu ya kai. Karfasa sai ka shafa ƙayar bayanta daga kai zuwa wutsiya ta kwanta, sannan ka riƙe. Ƙurungu zai yi maka gurnani ya miƙe ƙayoyinsa uku su kafe, sukarsu kuma tana da zafi, don haka ka riƙe shi da tsumma ta bayan ƙayoyin. Talibambam zai kumbura ya zama ƙwallo a hannunka, yara su yi ta tsalle. Ku kalla, ku kiyayi haƙoransa, ku mayar da shi ruwa, ba na tukunyar sabon shiga ba ne. Mai santsi, mai ƙiba, mai ɗige-ɗige, wanda ba shi da ƙaya a baya kuwa, minjirya ce. Wuta take bayarwa, kuma babba tana iya jefar da ƙato. Yanke zaren kawai. Duk abokin da ya ce maka "taɓa ka ji laushi", ya taɓa taɓawa ne.

In ƙugiya ta shige yatsa har ta wuce maƙarinta, kada ka ja ta baya da ƙarfi. Yanke zaren, ka je asibiti a cire, a duba maka batun allurar tetanus.

In Allah ya ba ka tarwaɗa, rufe bokitin ka ɗora dutse. Tana iya shaƙar iska a waje, tana kuma jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ka juya ka hango ta ta kusa kai wa ruwa, kai da abokanka kuna bin ta da rarrafe tana sulluɓe muku. Wanda ya yi tsalle ya danne ta da ƙirji shi ke da kai in an dafa. Kifayen da suka yi ƙanƙanta ainun kuma a sake su, su girma.

Kifinka na farko ka kai shi gida ko da shi kaɗai ne, a soya, a gutsura wa kowa. In kuma ranar ba ta ba da komai ba, masunta na nan bakin ruwa da sabon kamu, saya ka taimaki sana'arsu, ka kuma faɗi gaskiya a gida. In ka tafi da yaro, tun daga zaure zai sanar da Umma nawa aka biya.