Babi na 6: Idan Zuciya Ta Gaji

Darasi na 1: Ki gane abin da ke damunki

Ki buɗe littafinki na rubutu, ki ɗauki fensir. Ki rubuta: Na gaji. Ki karanta da ƙarfi har ta kusa da ke ta ji. Kada ki ji kunya, duk mata ne a ajin nan.

Akwai gajiyar jiki, ita wannan barci ne maganinta. Akwai kuma gajiyar zuciya. Kin kwana kin tashi, amma kamar ba ki runtsa ba. Yaro ya yi ɗan laifi, kin daka masa tsawar da ke kanki kin san ta yi yawa. Abinci ya fita ranki. Kin tayar da salla, kin rasa raka'a ta nawa kike. Kin shiga ɗaki kin share hawaye, kin fito ana tambayarki kina cewa lafiya lau.

Wannan ba raunin imani ba ne. Nana Fadimatu, ɗiyar Annabi (SAW), ta gaji da aikin gida har niƙa ya yi mata kanta a hannu. Ta je neman mai taya ta aiki. Mahaifinta bai yi mata faɗa don ta ce ta gaji ba. Da dare ya zo gidanta, ya zauna tsakaninta da mijinta Sayyidina Aliyu, ya koya musu abin da za su riƙa faɗa idan sun zo kwanciya. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan.

Darasi na 2: Tasbihin kwanciya

Ga abin da ya koya musu:

Subhanallah, sau 33.
Alhamdulillah, sau 33.
Allahu Akbar, sau 34.

Faɗar ba ta ba ku wahala. Ƙirgar ce ke kayar da ku, don haka a nan za mu daɗe.

Ki ɗaga hannunki na dama. Babban yatsa shi ne mai ƙirga, ba a ƙirga shi. Sauran yatsu huɗu ne, kowanne yana da gaɓa uku. Ki ɗora babban yatsa a kan gaɓar farko ta ƙaramin yatsa, ki ce Subhanallah. Ki matsa gaɓa ta biyu, ki sake faɗa. Sai ta uku. Yanzu ki koma yatsa na gaba. Idan kin gama yatsu huɗu, kin yi 12.

Ki dawo ƙaramin yatsa, ki sake zagayawa. Kin yi 24. A zagaye na uku yatsu uku kawai za ki bi, ki bar na huɗu. Kin yi 33.

Mu sake. Huɗu, huɗu, uku. Ki faɗa da bakinki: huɗu, huɗu, uku. Madalla. Wadda ta ɓata ta koma ƙaramin yatsa ta fara, babu laifi, haka kowa ya koya.

Alhamdulillah ma haka ne: huɗu, huɗu, uku. A Allahu Akbar, bayan kin gama yatsu ukun nan sai ki ƙara ɗaya a kan yatsa na huɗu. Shi ne 34.

Gaɓa ɗaya, faɗa ɗaya, kuma ki ja numfashi kafin ki matsa. Ina ganin wasunku suna zuba shi a guje, yatsa na gaba baki na baya. Ina za ku? Tukunya ta sauka, yara sun yi barci, wannan ɗan lokacin naki ne ke da Ubangijinki. Kuma don Allah a ajiye waya. Na faɗa, na maimaita, har yanzu akwai masu ƙirga da hannu ɗaya suna duba WhatsApp da ɗayan, gobe su zo su ce Malama ban ji sauƙi ba. Ta yaya za ki ji? A zaune za ki yi a bakin shimfiɗa, don idan kin miƙe barci zai ɗauke ki tun a zagayen farko. Huɗu, huɗu, uku.

Darasi na 3: Ki sassauta wa kanki

Annabi (SAW) ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci. Aka ce ta Nana Zainab ce, tana riƙewa idan ta gaji da tsayuwar salla. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi salla lokacin da yake da kuzari, idan ya gaji ya zauna. Ki riƙe farilla. Nafila kuwa, ki yi daidai ƙarfinki. Ki ɗan kwanta da rana. Ki ci abinci, kada ki jira sai abin da yara suka rage.

Darasi na 4: Neman taimako

Ki ambaci aiki guda, kada ki ce a taimake ni kawai. Ki ce: Maigida, a kai yara makaranta gobe. Ko: Yaya, ki riƙe mini jariri zuwa la'asar.

Idan damuwar ta wuce mako 2 ba ta sake ki ba, musamman bayan haihuwa, ki je asibiti mafi kusa. A duba jininki ma, ƙarancin jini yana kawo kasala. Idan tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki gaya wa wadda kika yarda da ita a ranar, a kai ki wurin likita. Akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato.

Aikin gida: ki rubuta 33, 33, 34 a layi biyar. Ki zo da littafin.